Fitilar da Babu Suna a Jikinta

Imelda ta dawo Broome da rakoda biyu a jaka, ɗaya ta aiki, ɗaya ta ko-ta-kwana. Haka malamarsu Gwen ta koya musu a Canberra, babban birnin ƙasar, a ajin dabarun bincike: na'ura ba ta da amana, kada ka je gaban tsoho da guda ɗaya. Kada ka katse mai magana. Kada ka sa masa amsa a baki. Idan ya yi shiru kai ma ka yi shiru, shi zai gaji ya ci gaba. Imelda ta haddace duka, ita ta fi kowa maki a ajin.

Kundin digirinta na ƙarshe a kan zuriyar Japanawan da suka yi nutson lu'ulu'u a gaɓar garinsu ne. A garin aka haife ta, amma tana da shekara goma sha biyu aka kai ta makarantar kwana a Perth, daga nan jami'a, daga nan Wakayama a ƙasar Japan, inda ta koyi Japananci. Sauran ɗalibai sai sun nemi wanda zai gabatar da su ga mutanen da za su yi nazari a kansu. Ita kuwa bayan layinsu kawai za ta zagaya.

"Wai Kawu Shige za ki yi wa tambayoyi?" in ji mahaifiyarta Josepha, tana kirɓa barkono da jatan lande a turmi.

"Shi ne na farko a jerina."

"Jeri! Mutumin da ya cire miki ƙugiya a tafin ƙafa kina ihu kamar akuya, yau shi ne lamba ɗaya. To ki tsinko masa mangwaro. Kada ki je masa da wannan abar taki kaɗai."

Kawu Shige ya haura tamanin. Ubansa daga wani ƙauyen bakin teku na Wakayama ya zo, uwarsa kuma 'yar asalin ƙasar ce, daga ƙabilar Yawuru. A cikin waɗanda suka taɓa sauka ƙarƙashin ruwa da kwalkwalin tagulla a ka, shi kaɗai ya rage. Ruwan ya cinye masa kunne ɗaya, ya lanƙwasa masa gwiwoyi. Matarsa Anti Mena yayar mahaifin Imelda ce, ita ma Yawuru.

A baranda suka zauna, lokacin damina, iska a tsaye kamar an rufe tukunya. Imelda ta miƙa masa takardar amincewa ta jami'a, ta fara karanta masa. Ya fizge biron ya sa hannu.

"Idan gidan kika sayar, ki dai bar mini kujerar nan."

"Kawu, kana iya zaɓar wani suna. A kundin sai in kira ka da shi."

"Don me? Sata na yi? Ki sa sunana, da manyan baƙaƙe." Ya leƙa rakodar. "Wannan tana jin irin Turancinmu kuwa, ko sai na Canberra?"

Ta danna. Kamar yadda ƙa'ida ta ce, ta nemi ya fara da faɗin sunansa da inda yake zaune. Ya gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo, ya faɗa.

Daga kicin ƙarar tukwane na fitowa, da muryar Anti Mena tana gyara masa zance. "Ƙarya yake! Ba shekarar guguwa ba ce, shekarar da ta biyo baya ce!" Imelda tana kallon allurar sauti tana tsalle. A zama na biyu ta tashi ta leƙa kicin, da ladabi sosai.

"Anti, don Allah ko za a ɗan rufe ƙofar? Ƙarar tana shiga."

Anti Mena ta dube ta, ta dubi mijinta ta saman kafaɗarta. Ta goge hannu a siket, ta rufe. Duk sauran zaman da aka yi a rufe ƙofar take.

Tsohon ya iya labari, matsalarsa dai ba ya tsayawa a hanya. A tambaye shi ƙauyen ubansa, sai ya ɓulla a sansanin da aka tsare su lokacin yaƙin duniya na biyu yana jariri, wannan kuma da amfani. A tambaye shi yadda mai nutso ke magana da na sama ta hanyar jan igiya, sai ya yi bayani mai kyau, daga nan ya zame ya faɗa tsohuwar silimar garin, wadda rabinta babu rufi, inda ake zaunar da mutane bisa launin fata, da yadda ya fara hango Mena a bencin baya. Imelda ba ta katse shi. Tana gyaɗa kai, idonta a kan allura, tana tsara tambaya ta gaba a ranta. Da ya numfasa sai ta dawo da shi kan batu.

Ta koma Canberra da murya mai yawa. Ta sa abin kunne ta zauna juya ta zuwa rubutu, tana rarraba ta da launi yadda aka koya musu: ƙaura shuɗi, aiki ja, harshe kore, ibada rawaya. Abin da bai shiga ko ɗaya ba sai ta tura gaba da sauri, ta rubuta "hirar gida". Lokaci bai isa a rubuta komai ba. Ta kunna wa 'yan ajinsu wani guntu, inda yake rera waƙar da ubansa ke yi wajen jan angar jirgi, ya manta rabi, ya fashe da dariya. Gwen ta dafa tebur.

"Wannan zinariya ce, Imelda. Babi uku kika samu a jikin mutum ɗaya."

A watan Mayu mahaifiyarta ta kira.

"Tsohon nan na gidan Mena ya tafi."

"Wa? Kawu Shige?"

Shiru a wayar. Imelda ta ɗauka layi ne ya yanke, ta ce halo, halo. Can Josepha ta ce za a binne shi mako mai zuwa. Makon kuwa shi ne na kare tsarin kundinta a gaban kwamiti. Ba ta je ba. Ta aika furanni.

Abin ya tsaya mata a rai. Da ta gaya wa Gwen, sai Gwen ta tuna mata da darasin ƙarshe na ajin: abin da ka ɗebo a wurin mutane ka mayar musu, bincike ba wawaso ba ne. Imelda ta kwana da maganar, ta tashi da dabara. A watan Agusta ake yin Obon, yammacin da Japanawa ke tarbar matattunsu. Ta gani da idonta a Wakayama: a ajiye hoton mamaci, a kira sunansa, a zuba masa abincin da yake so, a yi masa hira kamar ya dawo daga tafiya. A Broome ma ana yi, a maƙabartar masu nutso. Ta rubuta wa matar da ke jagorantar taron, wata Bajapaniya 'yar Osaka da aure ya kawo ta garin ba da daɗewa ba. Matar ta yi murna ƙwarai, ta ce za ta tanadi lasifika. Imelda ba ta gaya wa kowa a gida ba. So take ta yi wa Anti Mena ba-zata.

Ranar da ta iso, ita da mahaifiyarta suka bi ta gidan Anti Mena don gaisuwa. A ƙofa Cletus, ɗan Anti Mena, yana wanke jirginsa na kamun kifi. A da sunan ubansa ne rubuce a goshin jirgin. Yanzu farin fenti ne.

"Ka sake masa fenti?"

"E. Sannu da zuwa, Farfesa. Ashe kin gane hanya."

A falo hotunan tsohon duk an sauke, sai shatinsu a bango, wuraren da fentin bai koɗe ba. Ta ce a ranta an kai a sake musu firam. Anti Mena ta rame. Ta karɓi gaisuwa, ta ce tsohon nan bai sha wahala ba, tsohon nan ya ci miyar kifinsa har ranar ƙarshe. Imelda ta buɗe baki za ta ce wani abu a kansa, Josepha ta taka mata ƙafa, ta ce su tashi, Mena na bukatar hutu.

Rana na shirin faɗuwa aka taru. An share tsakanin kaburburan, an kafa turaren tsinke a jar ƙasa, an zuba giyar shinkafa a ƙananan kofuna gaban duwatsun. Gefe ɗaya baƙi ne daga Japan da ma'aikatan shagunan lu'ulu'u, gefe ɗaya tsofaffin gidajen garin a kan kujerun roba, jikokin masu nutso, da yawansu baƙaƙe kamar Anti Mena. Kowane gida da fitilar takarda, an rubuta sunan mamacinsu a jiki da burushi. Anti Mena ta ajiye ta surukinta, uban mijinta, a gaban dutsensa, da sunansa a jiki kamar kowace shekara. Akwai ta biyu a cinyarta. Wannan fara ce fat.

Imelda ta durƙusa kusa da ita.

"Anti, kawo in rubuta miki sunansa. Na san baƙaƙen, na koyi riƙon burushi a can."

Anti Mena ta ja fitilar zuwa cikinta. "Bar ta haka."

"Ba zai ɗauki lokaci ba."

"Farfesa," in ji Cletus daga baya, "je ki zauna."

Ta tashi. Baƙin ciki ne, ta ce a ranta, yanzun nan zai zama wani abu dabam. Bayan addu'a 'yar Osaka ta sanar cewa akwai wata ɗiyar gari, mai bincike daga babban birni, da ta kawo tsaraba. Imelda ta fita gaba, ta haɗa kwamfutarta da lasifika. Ta yi gajeren jawabi da Japananci, baƙin suka yi mata murmushi. Ta hango mahaifiyarta ta miƙe tsaye a cikin mutane, baki buɗe. Ta danna.

A cikin lasifikar tsohon ya gyara murya. Duk maƙabartar ta ji.

"Sunana Shigeru Nagura. Ina zaune a Broome, inda aka haife ni."

Baƙin Japan suka sunkuyar da kai, wata ta ciro hankici. A ɗaya gefen kujera ta faɗi. Tsofaffin mata suka kifa fuska a cinya, suka toshe kunnuwa. Wata ta saki kuka, irin mai tashi sama ya daɗe bai sauko ba, wata ta karɓa. Anti Mena ta miƙe, farar fitilar ta gangara ƙasa. Ta ɗora hannuwa biyu a kunne ta nufi bakin shinge ta tsakanin kaburbura, tana tuntuɓe da kofuna, ba ta ganin gabanta.

A lokacin Imelda ta tuna: a wurin Yawuru, idan mutum ya rasu ba a kiran sunansa, ba a kallon hotonsa, ba a jin muryarsa, sai an daɗe. Ba sabon abu ta koya ba, tunawa ta yi, gaba ɗaya, kamar an watsa mata ruwa.

Cletus ya tsallake kujeru ya fizge wayar lasifikar. Muryar ba ta tsaya ba. Ta koma cikin kwamfutar, siririya, tana ci gaba. Tsohon ya kai wurin waƙar angar. Imelda ta danna nan ta danna can, ta rasa inda ake kashewa. Tsohon ya manta rabin waƙar, ya fashe da dariya. Cletus ya kifa murfin da tafin hannu.

"Wata uku," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Wata uku kacal, Imelda."

"Ya sa hannu." Ta ji maganar na fita daga bakinta, ta kasa tare ta. "Shi da kansa ya ce in sa sunansa."

"Ya sa hannu. To ga kabarinsa can bayan shinge, ƙasarsa ko bushewa ba ta gama yi ba. Je ki tambaye shi ko har yanzu ya yarda."

Ya bi uwarsa. Kujerun wancan gefen suka fara watsewa, babu mai kallonta. 'Yar Osaka ta matso tana rusunawa, fuskarta cike da ruɗani, tana cewa muryar ta yi kyau ƙwarai, ko wani abu ne ya faru da lasifikar?

A mota Josepha ba ta tayar da injin ba. Ta riƙe sitiyari tana kallon gaba.

"Ke a ina aka haife ki?"

Imelda ta rungume kwamfutar a cinyarta.

"Lokacin da ubanki ya rasu, kin ji wani ya kira sunansa a gidanmu? Ɗan maƙwabta mai sunansa, ba Junior muka koma ce masa ba har ya yi gemu?"

"Na koma makaranta bayan mako ɗaya, Mama."

"Kin koma. Kika kafa hotonsa a kan gadonki kina nuna wa 'ya'yan Turawa. Na sani. Na yi shiru, na ce yarinya ce, tana nesa." Ta juyo. "Amma kin ga jirgin. Kin ga bangon. Kin ji bakin kowa, tsohon nan, tsohon nan. Ƙafarki na taka."

"Na ɗauka... ai Bajapane ne."

"A takardarki. A takardarki Bajapane ne. Uwarsa fa? Matarsa fa? Wa kike jin ya wanke shi, mutanen Osaka?" Ta murɗa makulli. "Gobe da safe za ki je. Ke kaɗai. Ki kai mata abin da kika ɗauka."

Da safe Imelda ta zare memorin daga rakoda. Bai kai farcen babban yatsa ba. Ta daɗe tana kallonsa. Za ta iya miƙa wannan, a ce an gama. Amma muryar tana cikin kwamfutarta, tana ma'ajiyar jami'a, tana wurin Gwen. Babu wanda ya san haka a layin nan, babu kuma mai tambaya. Idan aka rufe duka, babi ukun nan sun tafi. Tallafin karatunta saura shekara, kuma babu wani mai nutso da ya rage a duniya da za ta je ta zauna a barandarsa.

Ta samu Anti Mena a bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, da bokitin dafaffiyar ƙaguwa a gabanta tana fasawa. Cletus na gyaran raga a can gefe. Ya ɗaga kai, ya mayar. Babu wanda ya ce ta zauna.

"Anti, na zo ba da haƙuri."

Ƙas. Ƙafar ƙaguwa ta fashe.

"Na san abin. An haife ni a cikinsa. Ban tuna ba."

"Kawo shi."

Imelda ta ɗora memorin a tafin hannunta mai jiƙe. Anti Mena ta kai shi kusa da ido, ta juya shi.

"Mutum mai surutu haka, a ɗan wannan." Ta rufe hannu. "Duk a nan yake?"

Ba ta dube ta ba. Ba ta sake tambaya ba. Ta ajiye wuƙar, ta zauna kawai. Imelda ta san wannan shirun, ta ci jarrabawa a kansa. Wani tsuntsu na kuka a kan mangwaron. Cletus ya daina jan zare.

"A'a," in ji Imelda. "Akwai a kwamfutata. Akwai a jami'a. Malamata ma tana da shi."

"A garin nan mai sanyi?"

"E."

"Mutumin da ko fanka ba ya so." Ta girgiza kai. "Wa ya ji?"

"'Yan ajinmu."

"Lokacin yana da rai?"

"Sau ɗaya yana da rai. Sau ɗaya kuma a watan Yuni. An yi taron masu bincike."

Cletus ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "An tafa?"

"An tafa."

"Rufe mana baki, Cletus," in ji uwarsa. Ta koma kan Imelda. "Ki dawo da shi gida. Na jami'ar, na malamar, na kwamfutar. Kada ya rage ko tari."

"Har zuwa yaushe, Anti?"

"Sai na ce."

"Aikina a kansa yake. Kusan duka."

"Uwarki ta gaya mini. Ba ƙonawa zan yi ba, jikokinsa za su so su ji shi wata rana. Ba bana ba, ba baɗi ba. Idan na riga na tafi, Cletus zai ce." Ta ɗauki wata ƙafar ƙaguwa. "Ki nemi wani tsohon. Ko ki jira. Wannan naki ne."

Imelda ta gyaɗa kai. Ta ɗauka an gama, ta juya za ta tafi.

"Tsaya. Zauna."

Ta zauna a kan wani kifaffen bokiti.

"Kin sa na rufe ƙofa. Duk daminar nan kina baranda da shi, ni ina ciki da tukwane, ban ji komai ba. Wannan abar kuma ba zan saurare ta ba." Ta tsame nama daga ɓawo ta jefa a kwano. "Amma ke kina da baki. Bakinki ba nasa ba ne, babu laifi. Gaya mini. Me ya ce a kaina?"

Imelda ta buɗe baki. Tana iya zayyano sunayen jiragen da ubansa ya yi aiki a cikinsu. Tana iya faɗin kalmomin Japananci da suka rage a bakinsa, ta jera su ma a shafi guda, da kore. Ta laluba inda Anti Mena take a cikin duk wannan, sai ta ga yatsanta a kan maɓallin tura gaba, da muryar tana gudu kamar ta ɓera, da kalmomi biyu da ta rubuta ta sake rubutawa.

"Ya ce a silima ya fara ganinki."

"Wannan ko karen layin nan ya sani. Wace riga na sa?"

Ta fasa wata ƙafar ƙaguwa, ta ci gaba.

"Ya faɗa. Bai taɓa ba da labarin nan bai faɗi rigar ba. Kullum kuma sai ya canja mata launi, don in yi magana. Ke wane launi ya ce miki?"

Imelda tana iya cewa shuɗi. Tana iya cewa ja. Babu mai buɗe memorin ya duba, ba bana ba, ba baɗi ba.

"Ban ji ba, Anti."

"Ba ki ji ba. Da kunnensa ɗaya ya fi ki ji."

"Ina kallon na'urar. Na bar mata ta ji."

A karon farko tun shigowarta Anti Mena ta dube ta sosai, ido cikin ido. Babu fushi a fuskar. Da fushin ne da ya fi sauƙi. Ta daɗe tana kallonta kamar mai duba kifi a kasuwa, sannan ta sa hannu a aljihun siket ta ciro wani tsohon gwangwanin taba, wanda Imelda ta sha gani a kan hannun kujerar baranda. Ta jefa memorin a ciki, ta danne murfin da babban yatsa.

"To tana nan ciki, rigar. Ranar da aka buɗe, ki zo ki zauna ki ji."

Ta tura mata bokitin da ƙafa, ta miƙa mata wuƙa. Imelda ta fasa ƙaguwa har bokitin ya ƙare. Ɓawo ya yanke ta a yatsa, ta ci gaba da fasawa, babu kuma wanda ya tambaya. Da ta gama ta wanke hannu a famfon bayan gida, ta fita ta gefen jirgin, ta tsaya a bakin titi ta kira Canberra.

Gwen ta ɗauka da fara'a. "Imelda! Yaya taron? Sun ji daɗi?"

"Ina so a cire duk muryar da na ajiye a jami'a. Da wadda ke wurinki. Zan rubuto a takarda, amma ki fara yau."

"A cire? Wace murya?"

"Ta tsohon nan."

"Wane tsoho? Kina nufin Shige..."

Imelda ta danne bakin wayar da tafin hannu, ta waiga. Tagar kicin a buɗe take. Ta ƙara gaba, ta wuce gida biyu, ta tsaya a rana.

"Kada ki sake faɗa," ta ce. "Ki saurara, zan yi miki bayani."